Ido Ba Mudu Ba

A teburin mai shayi na Kwangila
Barau ya ɗaga wayarsa sama:
"Hannun jarin sukari ya tashi!"
Kafin ƙwai ya soyu, mu bakwai mun saya.

Ba wanda ya ga rake,
ba wanda ya tambayi ribar bara.
Kallonmu ne ya hura farashin
kamar bakin yaro a balan-balan.
Ni har masarata buhu shida
na kai Giwa, na ƙara zubawa.

Ran Laraba idanu suka koma kan bankuna.
Jan layi ya gangaro
kamar Kubanni a tsakiyar damina.

An ce ido ba mudu ba, ya san ƙima.
Namu dai bai sani ba.
Barau ya kife wayar,
ya ce a rubuta masa shayin yau bashi.