Ƙarfe da Shinkafa

A Gangare, bayan isha'i, an ɗauke wuta,
na kunna fitilar waya ina bitar jarrabawa.
Kaka Jatau, wanda yana ta rufe wa ido shekara tara,
ya ce, "Ɗaga murya, Ladiyo, kunne bai tsufa ba."

Na ce masa, wata daula ce a tsibirin Sulawesi,
Luwu sunanta, ta mutanen Bugis.
Arzikinta bakin teku ne da ƙarfe.
Daga kan tuddai ake sauko da tama,
a narka, a ƙera wuƙaƙe masu zane kamar gudun ruwa,
jirage su kwasa, su bi iska.
Duk mai son kaifi sai ya rusuna mata.

"Mun san wannan," in ji shi. "Ci gaba."

Sai can kudu, wasu da ba a sa su a lissafi ba
suka sare daji, suka tare ruwa, suka dasa shinkafa.
Rumbu ya haifi rumbu, zuriya ta yaɗu.
Bana gari guda ya daina kai gaisuwa,
baɗi wani ya bi sahu,
jirage suka koyi wata mashiga.
Aka bar wa Luwu girman tsufa:
a ambace ta da ladabi, a wuce.

Ya yi shiru har na zaci barci ne.
Can ya miƙo tafin hannu.
"Taɓa nan. Kwanon kuza ne ya cinye wurin.
Ina ɗan sha huɗu na hawo dutsen nan daga Ningi.
Ranar biya Jos ba ta runtsawa,
har mai wankin kuza yana ɗaura agogo.
Jirgin ƙasa ya yi kuka, mu ce kuɗi ne ke kira.
Mun ɗauka ƙasa ba ta ƙarewa.
Ba ta ƙare ba kuwa, Ladiyo,
masu saye ne suka juya baya.

Ramin da na binne ƙuruciyata
ruwa ya cika shi, kore shar.
An ce jikan Davou ya kafa inji a bakinsa
yana shayar da kabeji da karas.
Kin ga, masu shinkafar taki sun iso nan ma."

Ya yi dariya, tari ya karɓe ta.

"To su fa, sun tabbata?"

Na juya shafi, batir ya mutu.
"Bar shi," ya ce cikin duhu.
"Ja mini bargon nan, sanyi na shigowa."