Golmon da Ba Ya Ƙarewa

Kakana ya yi golmo shekara bakwai a Dabai,
garma a kafaɗa tun zakara bai yi cara ba,
ya noma wa surukinsa dawa har bayansa ya tanƙware.
Ran da aka ba shi kakata ya ce, "Na gama biya."
Ni kuwa ban ja kunya ko ɗaya ba,
ban kuma ji kunya ba.
Akwati biyu, buhun shinkafa, zobe daga Kwantagora,
fasto ya ɗaura, mata suka rangaɗa guɗa,
na ɗauka ni ma na gama biya.

Shekara huɗu Saraya na magana da ƙeyata.
In dawo daga shago da garin katako a gashi,
in ci tuwo, in ce miya ta yi gishiri,
in kunna rediyo.
Addu'ar safe kuwa, amin ɗina kan riga ta rufe baki.

Ba tsoron Allah ya kai ni Zumuntar Maza ba.
Habila ne ke bina kuɗin ƙusa,
na bi shi ranar Talata in ba shi haƙuri.
Na tarar da mutum tara a benci uku,
fitila mai caji tana lumshe ido,
da Baba Irmiya, tsohon soja mai yatsa huɗu a dama,
yana kuka a gaban maza
wai ya daka wa matarsa tsawa a gaban jikoki.
Na ce a raina, wannan ma abin kuka ne?
Talata ta zagayo na koma, don dai in ji ƙarshen labari.

Da iskar farkon damina ta kwashe rufin Mama Tabita a Rikoto
muka je mu tara, ba ko sisi.
Habila ya kawo kwano, ni na hau sama da guduma.
Daga nan sai gayya a gonar makaho,
sai kwana a asibitin Zuru ina korar sauro
daga fuskar wani da ban san sunansa ba.
Aka fara kiran sunana a sanarwar Lahadi.
Ya yi mini daɗi. Ba zan ɓoye ba,
har hula na canza.

Wani dare cikin Agusta na shigo a jiƙe, ina jiran yabo.
Na tarar da ita a tsakar ɗaki, yaro a baya,
ta jera tukunya, da bokiti, da kwanon sha,
ruwa na ɗiga cikinsu, kowanne da muryarsa.
Ta ce, "Sannu da aikin Ubangiji.
Miƙo mini robar can, nan ma yana zuba."
Ba ta ƙara ba.
Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, ni ne mai kuka a benci.
Baba Irmiya bai buɗe mini wa'azi ba,
ya dafa ni da hannun nan mai yatsa huɗu:
"Yaro, golmo na gaske bayan biki yake farawa,
kuma ba shi da shekara ta bakwai."

Na gyara rufin cikin yini ɗaya.
Sauran yoyon ya fi wuya.
Har yanzu bakina kan riga kunnena,
jiya ma na yi fushi a kan makulli, ashe yana aljihuna.
Amma na iya wanke tukunya maƙwabta na kallo,
kuma da asuba, in ta sunkuya tana jero sunayen 'yan uwanta,
ina jira ta gama.

Ya Yesu, kai ma ka riƙe zarto,
ka san katakon da ya murɗe
ba rana ɗaya yake miƙewa ba.
Kada ka jefa ni cikin itacen wuta.
Ɗora mini dutse, ka bar ni a inuwa.