Maɓallin Tsalle

A Balparaiso, inda gidaje suka maƙale wa tsauni
kamar kaska a kunnen sa,
Herminda Collao ke jan keken hawa.
Akwatin katako ne bisa dogo,
taku ɗari sama, taku ɗari ƙasa,
yau shekara ashirin da shida.
Ta ce da za a ɗinke tafiyar wuri guda
da ta kai bangon duniya ta dawo,
amma ko unguwa ba ta sake ba.

Da dare, in jiragen ruwa sun yi tsit a gaɓa,
takan kunna tsohuwar na'urar ɗanta,
wadda ta saya masa da kuɗin aro
shekarar da girgizar ƙasa ta tsaga bangon kicin.
Sai na'urar ta yi tari kafin ta farka.
Maɓallin tsalle ya lotsa
daidai babban yatsan Anibal.
Nata yatsan yakan faɗa ciki
kamar ƙafa a sawun wanda ya riga ka wucewa.

Nan da nan ta zama yarinya mai takobi da fitila.
Gwiwa ba ta ƙara,
baya ba ya ciwo.
Ta kutsa kurmi, ta fasa tulu ta tsinci mabuɗi,
ta tsaya a bakin kogi don kawai ruwan ya yi kyau.
Duk tsaunin da ta hango, ana iya hawansa.
Duk ƙofar da ta ƙi buɗuwa
akwai makullinta a wani lungu,
wani ya ajiye, da niyyar a samu.

Don Froilan mai gyaran raga ya leƙo ta taga:
"Da furfurarki, Herminda? Wasan jikoki?"
Ba ta waiwaya ba.
"Kai da teku ta cinye wa ƙane,
sau nawa ta ce maka sake gwadawa?
Nan na mutu sau bakwai tun bayan cin abinci,
ga ni kuwa, shayina bai huce ba."

Gada ce ta tsare ta.
Gadar igiya, katakon tsakiya ya ɓalle,
iska na kaɗa ta bisa rami marar gindi.
Wata uku tana faɗawa.
Ranar Lahadi ta kira Anibal
can arewa, a ramin haƙar tagulla.
Ya yi dariya har ƙura ta sarƙe shi.
"Mama, kina wurin har yanzu?
Kada ki yi tsalle in kin ji tsoro.
Bari sai iska ta ja numfashi."
Ba su yi zancen kuɗi ba ranar,
ba su yi zancen yaushe zai zo ba.
Sa'a guda suna kan gada, su biyu.

Daren Talata, ƙarfe uku saura,
karnukan tudu sun gaji da haushi,
iska ta ja numfashi.
Ta danna.
Yarinyar ta rataya da hannu ɗaya,
fitila na lilo,
sannan ta haye.

Herminda ta ajiye abin a cinya, tafinta jiƙe.
Ba kowa a ɗakin sai firji yana gurnani.

Ƙetaren gada, wani tsauni ne ya tokare sama.
A gindinsa, ga akwati rataye da sarƙa,
ƙofa a buɗe, yana jira ya kai ta bisa.
Ta dube shi.
Ta yi dariya har ta share ido da gefen riga.

Ta zagaye akwatin,
ta soke takobi a kube,
ta kama dutsen da hannu.
Ƙarfe shida take buɗe tasha.
Da sauran lokaci.