Lissafin Tsumma

Dare na uku a Tudun Jukun.
An ɗauke wuta tun bayan isha'i,
daga ni sai ke sai hasken waya.
Kina kuka, ina ƙirga kukan
kamar sallamar mai bin bashi a zaure.
Ba ki da suna tukuna.
Ni ma sunan da aka ba ni, uwa,
ya yi mini yawa kamar rigar aro.

Na matsa. Ɗigo biyu, rawaya, mai kauri.
Na ce a raina, wannan ne zai riƙe mutum?

Gari na wayewa gida ya cika da masu magani.
Gwaggo Lantana ta taso daga Kwarbai
da hulba ƙulle a bakin gyale,
a jiƙa, a tafasa, a sha da zafinta.
Maƙwabciya ta miƙo ta kan katanga
kwaɗon zogale da ya ji ƙuli.
Surukata ta dama kunun gyaɗa
har ludayi ya tsaya da ƙafarsa.
Na sha. Na ci. Na ƙara sha.
Kowa ya shigo ƙirjina yake kallo,
kamar manomi da ke duban gabas
a shekarar da damina ta makara.

Da la'asar Sista Rifkatu ta biyo
daga aiki, za ta gida Wusasa,
takalminta duk jar ƙasa.
Ba ta ko buɗe jaka ba.
Ta leƙa kwanon kunu, ta ce madalla,
ta ga kanwa a murfin tasa
ta ture ta gefe da ɗan yatsa,
"Gwaggo, wannan a yi hankali da ita,
zuciyar mai jego ba ta son ta da yawa."
Gwaggo ta taɓe baki, amma ta ɗauke.

Sai ta sallami kowa, ta saki labule.
Ta narka man kaɗanya a tafin hannu
ta bi tsakanin kafaɗuna a hankali.
"Dubi yadda suka hau har kunne.
Sauke su. Ba kotu kika zo ba."
Ban san ina riƙe da numfashi ba
sai da na sake shi, hawaye suka biyo.

Ta ce rawayan nan dakashi ne,
kada a zubar, shi ne na farko,
cikinki yau bai fi goro ba.
Ta kwance miki riga, ta kwance mini zani,
ta ɗora ki fata da fata,
ta gyara haɓarki da yatsa ɗaya.
"Ba ta duk sa'ad da ta nema.
Ki bar ƙirga kuka, Zulai,
ƙirga tsumman da ta jiƙa.
In bai ƙaru ba, ki zo asibiti, ina nan."

Dare na huɗu hadari ya haɗo ta Kufena.
Barci ya sace ni kina kwance a kaina,
na farka da nauyi, da tsami, da ɗumi,
gaban rigata sharkaf.
Na ɗauka kwanon ɗaki ne ke yoyo.
Sai na ji wani ɗan sauti a maƙogwaronki,
ƙut, ƙut, ƙut.
Haɗiya.
Ban tashi kowa ba. Na zauna ina saurare.

Gwaggo ta ce aikin hulba ne.
Surukata ta ce kunu dai, kunu.
Ta bayan katanga aka ce, zogale fa?
Na ce wa kowacce gaskiyarki,
don kowacce ta tako ƙafa domina.

Jibi suna.
Babanki ya tafi Sabon Gari cinikin rago.
Ni ina bakin igiyar shanya
ina ƙirgawa da maƙali a baki:
huɗu, biyar, ga na shida yana ɗiga.