Ta Goma Sha Ɗaya

Goma gare ni a ɗakin bayan gida,
kowacce tsaye kan ƙafa huɗu,
garken da ba ya neman ciyawa.
Matata Ina Faye, teburan guga take ce musu.
Na ce, wane teburin guga ne ke kuka
in an taka shi da ƙafar hagu?

Gitar feda goma sha ɗaya kacal
Purvis Gantt ya ƙera a garejinsa na Lubbock
kafin idonsa ya tafi.
Shekara ashirin da shida ina bin sawunsu.
Ta uku, a cocin da ambaliya ta ci na tsinto ta,
laka har cikin sandunan feda.
Ta bakwai, a shagon jingina a Tulsa,
an ɗora mata fanka da tsofaffin jaridu.
Mai shagon bai san me ke hannunsa ba,
ni ma ban gaya masa ba.
Allah ya yafe mini wannan.

Ran Talata waya ta yi ƙara:
matar marigayi za ta sayar da ta ƙarshe.
Kusan mil dubu daga Tennessee,
ni da akori-kura, da kofi da ya huce,
da bargo biyu na naɗewa.

Dorotha Gantt, tamanin da huɗu,
ta yaye zanen gado da hannu ɗaya.
Katako ruwan zuma.
Wuya biyu, tsirkiya ashirin,
feda takwas a jere a ƙasa,
ƙunar sigari a kusurwar dama,
inda gwiwa ke turawa kuma fenti ya sule.

Na kwanta rigingine da tocila a baki
ina ƙidaya kusoshi, ina neman lamba.
Duk na asali. Ba hannun da ya taɓa.
Zuciyata sai dukan uku-uku.

Ta ce, "Ka gama leƙen cikinta?
To tashi ka zauna, ka kaɗa mu ji."

Nan bakina ya mutu.
Ni, Odell Fentress,
da ke gane shekarar gita daga warin akwatinta,
ban taɓa fitar da waƙa ɗaya ba.
Rijiya goma a bayan gida,
mai su yana kwana da ƙishi.

Ba ta yi dariya ba.
Silifas ta cire, ta ja kujera,
ta ciro sandar ƙarfe daga aljihun riga,
gajeriya, sumul, ta sha hannu.
Ta sa faratan ƙarfe a yatsu. Ta taka.

Sautin ya miƙe, ya lanƙwasa,
ya tafi har bakin ƙofa
kamar baƙon da ya yi sallama,
sai ya juyo, ya fasa tafiya.
Firji na gurnani a kicin,
ni ina durƙushe, tocilata a kunne.

"Purvis ma bai iya ba," in ji ta.
"Shi ke yanka, shi ke ɗaurewa,
ni ke gaya masa inda take ƙarya.
Wancan sulewar, gwiwata ce."

Na rubuta caki, ta ninke shi biyu.
Sandar kuwa ta koma aljihu.
"Wannan ba ta cikin ciniki."

Yanzu sun cika, ba sauran nema.
Daren jiya na rufe ƙofa,
na ɗauki kwalbar maganin tari a madadin sanda,
na aza ta kan tsirkiya, na taka feda ta farko.
Abin da ya fito, ba a ba shi suna.

Ina Faye ta ɗaga murya daga falo:
"Odell, kyanwa ce ta maƙale?"
Na ce, "A'a. Ni ne."
Shiru ya ɗan yi tsawo.
Ta ce, "To, bar ƙofar a buɗe."