Abin da Wuta Ba Ta Ci

Shekara ashirin da bakwai ina suyar kifi a Kabala,
bayana kogi, gabana titi.
Hannuna kan san kifi kafin idona ya gani:
in danna tsoka, in ta taso, na yau ne,
in ido ya yi hazo, in mayar wa mai shi.
Ba a taɓa sayar mini da kwantai ba.
Ko Tanimu, da rantsuwa ba ta yi masa wuya,
in ya sauke kwandonsa gabana, shiru yake yi.

Ran Laraba Kuluwa ta tsame uku daga baho,
tarwaɗa biyu, karfasa ɗaya,
ta naɗe a leda da ƙanƙara,
wai aikin makaranta.
Na ce, ki dai biya ni kuɗina.
Muka yi dariya.

Bayan mako biyu ta dawo da takarda.
Ko mayafi ba ta cire ba, ta zauna bisa turmi.
Inna, akwai dalma.
Na ce dalma ta masu gyaran batir ce,
me ya kawo ta kaskona?
Ta ce har da kadmiyom,
da wani mai suna kamar tari.
Na karɓi takardar na shinshina.
Wallahi sai da na shinshina.
Ba wari, ba ɗoyi, layi ne da lamba.

Na ce, to ai wuta ba ta barin komai.
Ta ce ƙarfe ne, Inna, ba tsutsa ba.
Mai ya tafasa, barkono ya yi ihunsa,
shi yana nan kwance cikin tsoka.
In ya shiga jiki sai ya nemi ƙashi ya kama ɗaki,
ba ya biyan haya, ba ya tashi.
Kuma ya fi taruwa a hanta.

Hanta.
Ita nake ware wa Mudi a murfin kwano,
tun bai fi tsayin murhu ba.
Ci, jikana, ka yi kaifin kai.
Ni da hannuna.

Da asuba na bi gaɓa da ƙafa
har inda magudana ke amai cikin kogi.
Jiya shuɗi, in ji mai wankin babur, yau ruwan toka.
Baƙin mai na yawo a sama kamar bakan gizo,
ga fasassun batura a cikin laka,
ga wani bututu da ba wanda ya san ubansa.
Ashe ruwa ba ya tsami banza.
Laka ta sha, ƙaramin kifi ya ci laka,
babba ya haɗiye ƙarami,
ni kuma na barbaɗa gishiri na ce bismilla.

Na gaya wa Tanimu.
Ya daɗe yana ɗinkin komarsa bai ɗago ba.
Ya ce, kakana a nan ya yi su.
Ya ce, in haura sama da gari, wa zai biya man inji?
Ban da amsa. Shi ma bai jira ba.

Yanzu magariba ta yi, na hura wuta,
don kuɗin makarantar Kuluwa daga kaskon nan yake fita,
har da na awon da ya tona mini asiri.
Na cire hanta da kayan ciki na binne.
Ban san ko ya isa ba.

Ga Ladingo tafe, cikinta wata bakwai,
ta miƙo ɗari biyar, a ba ta mai kitse.
Na dubi baho, na dubi cikin.
Na ce, ya ƙare.
Ta dubi baho cike, ta dube ni.
Na ce, zauna, 'yata,
Kuluwa, kawo takardar nan.