Inda Babban Yatsa Zai Zauna

Malama Nubiya ta ce mako uku.
Kofi ɗaya, na takarda, mai murfi,
wanda ba zai ƙona hannu ba,
wanda mai sayen gahawa zai hango ya so.
Mu goma sha tara, kowa ya duƙufa kan kwalinsa.

Ruwa yake ta zuba a Manisales,
gajimare ya sauko ya haɗiye rabin gari.
Ni da almakashi da rula da gam.
Na farko ya tsaya a karkace kamar mai jin barci,
na biyu ya yi yoyo kan littafin Ferne,
na bakwai ya yi kyau har ya ba ni haushi:
ganye kore shar, 'ya'ya ja wur, tsauni a baya,
ga wani manomi da malafa yana murmushi,
haƙoransa cif talatin da biyu.

Ban san wannan mutumin ba.

Ran Asabar na maƙale a bayan tsohuwar jif,
tsakanin buhun taki da kaji biyu,
muka hau tudu.
Babana, Hildardo, shekara arba'in yana tsinkar gahawa
a gangaren da ko akuya sai ta yi shawara.
Bai taɓa sayenta a kofin takarda ba.
Nasa na ƙarfe ne, fentin baki ya ɓare,
mariƙin ya karye tun ina goye.

Na miƙa masa na bakwai.
Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce,
"Wannan fa, yaushe yake zuwa gona?"
Na zuba masa mai zafi.
Kofin ya sulluɓe.
Na manta babban yatsansa ba ya lanƙwasa
tun ranar da injin ɓare ya gaisa da shi.
Ya sa hannu biyu ya tallabe,
kamar mai riƙe ɗan tsako,
bai ce komai ba, ya sha.

Da dare na tsoma yatsan a guggubin tukunya,
na danna shi jikin kwali.
Ya yi dariya, ya ce sai ka ce ranar zaɓe.

Na sha ɗaya ba shi da hoto.
Launin ƙasa ne, irin na buhu,
da 'yar lotsawa a gefe guda,
faɗinta faɗin wancan tambarin,
zurfinta bai kai ƙwayar wake ba.
Kwana biyar na yi kafin ta daina tsagewa.

Malama ta ɗaga shi sama, ta kanne ido.
"Ina sunan kamfani zai zauna?
Injin masana'anta ba ya son rami, Nohemi.
Kowane kofi zai ƙara feso arba'in,
ki ninka sau miliyan ki gani."
Gaskiyarta. Na ninka, na gani.
Uku da ɗigo takwas cikin biyar.
Ferne, da tsuntsunsa mai dogon baki,
huɗu da ɗigo shida.

Yamma ta yi, aji ya watse,
ina tattara guntayen kwali
sai ga Ofir mai shara da baƙar leda.
Tana zuba aikinmu ciki ɗaya bayan ɗaya,
ta zo kan nawa, ta tsaya,
ta zaro filas daga aljihun riga, ta tsiyaya.
Ko kallon kofin ba ta yi ba,
yatsanta ya tafi kai tsaye
ya zauna inda na baba ya zauna.

Ta sha a tsaye, tana kallon ruwan sama.
Minti huɗu. Na duba agogo.
Ta murƙushe shi, ta jefa a leda, ta ci gaba.

Na kira gida.
Baba bai tambayi maki ba.
Ya ce, "Ya yi yoyo?"
Na ce bai yi ba.
Ya ce, "To,"
na ji yana hura tasa gahawar.